Ruwa Mai Tsarki da Ruwa Mai Lafiya: A Wuyan Wa Alhakin Yake?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskace shi a ƙarƙashin rairayi domin bayinSa da dabbobinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya wadda ta cancanci masu sallah su tsaya su dube ta da idon basira, domin kuwa babu gidan da ba ta shafa ba. Tambayar ita ce: idan mutum ya haƙa rijiya don Allah, ko yana sayar da ruwa don neman halaliyarsa, ko an ɗora masa jagorancin jama'a, sa'an nan ruwan nan ya cutar da masu shansa ta hanyar da ido ba ya gani, shin faɗin "ban sani ba" ya wadatar da shi a gaban Allah? Ko kuwa neman sanin shi kansa wani wajibi ne da ya rataya a wuyansa tun daga farko?

Mu mutanen ƙasar Gure ba sai an yi mana dogon bayani a kan darajar ruwa ba. Wanda ya taso daga Damagaram ya nufo gabas bisa babbar hanyar da ta zarce Difa, ya ratsa Mirya da Gidimuni da Gidigir, zai ga yadda ƙasa take sauya kama: duwatsun Muniyo, da tuddan rairayi masu tafiya da iska, sa'an nan a tsakaninsu kwarurruka masu dabino da goriba, inda ruwa yake kusa ƙwarai, har a wani wurin gaba ɗaya ko biyu ta isa a cim masa. A tsakiyar waɗansu kwarurrukan kanwa ce take tsatsowa, kuma rijiyoyin da ke kusa da ita sukan ɗauki ɗanɗanonta. A kan tudu kuwa ruwa ya yi nisa, sai dabba ta ja wasaki, ko a jira famfo. Saboda haka mutumin wannan ƙasa ya saba da tambaya guda ɗaya game da ruwa: akwai shi ko babu? Wanda ya kwana da ƙishirwa ba ya tambayar abin da ke cikin moɗa.

Tambaya ta biyu da muka saba da ita, a makarantar zaure muka koye ta. Duk ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya san cewa ana duba siffofi uku ga ruwa kafin a yi tsarki da shi, wato launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Idan najasa ta jirkita ɗaya daga cikinsu, ruwan ya ɓaci. Idan abu mai tsarki ne ya jirkita shi, kamar nono ko sabulu, ana iya aikin gida da shi, amma ba a alwala. Idan kuwa mazauninsa ne ya sauya shi, kamar laka ko gishirin ƙasa ko kanwar da yake kwance a kanta, to yana nan bisa tsarkinsa. Wannan sauƙi ne babba daga shari'a, kuma mutanen kwari sun fi kowa cin moriyarsa, domin da ba haka ba, da da yawa daga cikinsu sun rayu bisa taimama alhali ga ruwa a gabansu.

To amma a nan ne wani kuskure ya shigo mana ba tare da mun farga ba. Mun ɗauki ma'aunin alwala mun mayar da shi ma'aunin sha. Idan ruwa ya yi garau, ba wari, ba bauri, sai mu ce ruwa ne mai kyau, mu ba jariri. Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai ruwan da bai yi tsami ba ko kaɗan, amma yana ɗauke da abin da ya fi tsami muni.

Abin da ya auku a Tibirin Gobir, garin Sarkin Gobir da ke kusa da Maraɗi, ya isa shaida. A shekara ta 1985 aka fara ba mutanen garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. A wancan lokaci wannan ci gaba ne da kowane gari yake fata: ruwa mai haske, ba laka, ba kwaɗi, ba kurkunu. Aka sha, aka dafa abinci, aka yi alwala, aka shayar da yara. Da shekaru suka tura, sai aka fara ganin yaran da aka haifa a cikin wannan zamani haƙoransu suna rinewa suna komawa ja da baƙi. Sa'an nan abin ya wuce haƙora. Ƙafafu suka lanƙwashe, waɗansu suka yi gwame, waɗansu suka yi baka, gaɓoɓi suka riƙe, yaro yana da shekarun zuwa makaranta amma tafiya tana gagararsa. A irin wannan hali mun san abin da zuciya take fara rayawa: iska ce, ko sammu, ko gado. Sai wajen shekara ta 2000 aka tabbatar da cewa ruwan ne sanadi. Da aka auna, aka tarar sinadarin da ake kira fuloraid ya kai tsakanin miligiram 4 da ɗoriya zuwa 6 da ɗoriya a cikin kowace lita, alhali kuwa iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ita ce miligiram 1.5. Dubban yara abin ya taɓa, ɗaruruwa daga cikinsu suka naƙasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wato ANDDH, ta tsaya wa iyayen yaran, kuma a shekara ta 2002 ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a kan al'amarin.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka lura da waɗansu abubuwa a cikin wannan labari. Babu wanda ya zuba guba a rijiyar Tibiri. Sinadarin daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa, kamar yadda kanwa take shiga ruwan kwarinmu. Kaɗan daga cikinsa ma yana ƙarfafa haƙori, yawansa ne yake ɓata ƙashi, musamman ƙashin yaro mai girma. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ba ya jin sa. Tacewa da ƙyalle ba ta raba shi da ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi, tafasawa kuwa sai dai ta ƙara masa ƙarfi, domin ruwan ne yake tashi tururi shi ya zauna. Kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa yadda Allah Ya halicce shi don an sauya ruwa. Duk alwalar da aka yi da ruwan nan cikin shekara 15 ta inganta, duk sallar da aka yi da ita ta inganta, babu malamin da zai ce a rama. Amma ga yaran nan, waɗanda yanzu magidanta ne da matan aure, suna ɗauke da shaidar ruwan a jikinsu. Awon da zai bayyana wannan cuta kuwa ba aikin wata guda ba ne, aikin yini ne a ɗakin gwaje-gwaje.

Kada wani ya fahimci cewa malaman fiƙihu sun gaza. Su tambayar da suka amsa a babin tsarki ita ce: da wane ruwa ake ɗauke hadasi a gusar da najasa? Suka ba mu ma'aunin da makiyayi a daji da tsohuwa a ɗaki za su iya aiki da shi ba tare da na'ura ba, kuma wannan hikima ce. Hukuncin abin da ake zubawa a ciki kuwa yana wani babi dabam, kuma a can sun faɗa a sarari cewa abu yana iya zama mai tsarki amma cinsa ya haramta saboda cutarwarsa, kamar guba. Sun kuma nuna suna sauraren likitocin zamaninsu. Malaman Shafi'iyya da waɗansu daga cikin namu sun karhanta ruwan da rana ta gasa a cikin kwanon ƙarfe, don tsoron wata cutar fata da aka zaci yana kawowa. Malaman Malikiyya sun so a yashe rijiyar da dabba ta mutu a ciki, ko da ruwan bai jirkita ba. Wanda ya karhanta ruwa saboda zaton cuta, me kake tsammani zai ce da an kawo masa takardar awo mai tabbatar da ita?

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Rashin sani iri-iri ne, kuma ba daidai ba ne a haɗa su a kwando ɗaya. Kakanninmu da suka sha ruwan tabki suka kamu da kurkunu ba su da laifi, domin babu hanyar sani a hannunsu, kuma Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya sani ya ɓoye, shi ma hukuncinsa ba ya buƙatar dogon bincike. Mai wuyar shi ne na tsakiya: mutumin da bai sani ba, amma hanyar sani tana nan, ya ƙi binta, ko don kasala, ko don tsoron kashe kuɗi, ko don tsoron abin da awon zai faɗa. Mafi yawanmu a nan muke.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da hatsi a kasuwa, sai ya cusa hannunsa mai albarka a cikin tsibin, yatsunsa suka ji danshi. Da ya tambaya, mai hatsin ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah bai karɓi uzurin ba, ya nuna masa cewa kamata ya yi jiƙaƙƙen ya kasance a sama inda mutane za su gani, kuma ya kira abin da ya yi algus. An saba kawo wannan hadisi a kan ƴan kasuwa, amma akwai darasi biyu a cikinsa da suka dace da maganarmu. Na farko, shugaban al'umma bai wadatu da kyan saman tsibi ba, ya sa hannu ya bincika ciki, ba tare da wani ya kawo ƙara ba. Daga irin wannan aiki ne malamai suka samo asalin hisba, kuma awon ruwa ba kome ba ne illa cusa hannu a cikin tsibi, sai dai hannun yau kwalba ce da na'ura. Na biyu, mai hatsin ba shi ya jiƙa hatsinsa ba, sama ce ta jiƙa shi, amma wannan bai kuɓutar da shi ba. To haka nan mai rijiya ba zai kuɓuta da cewa ƙasa ce ta zuba sinadarin ba shi ba.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su, kamar yadda Imam Shaɗibi da waɗanda suka gabace shi suka bayyana. Idan ya tabbata cewa akwai cutar da ke cikin ruwa wadda ba a gane ta sai da awo, to a ganina babu makawa awon ya shiga cikin farillan kifaya: idan waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki rabonsa na zunubi gwargwadon ikonsa. Har ma an ruwaito daga Imam Malik cewa mutanen da suka hana matafiya rarar ruwansu har ƙishirwa ta kashe su, akwai diyya a kansu. Shari'ar da ta kama mutum a kan ruwan da ya hana, da wuya ta sake shi a kan ruwan da ya bayar da sakaci.

Wannan magana tana da nauyi ga masu alheri, kuma ba don a sanyaya musu gwiwa ake yin ta ba. Shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadaka. Sayyidina Usman (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa. A ƙasarmu ma rijiyoyi da famfuna nawa ne attajirai da ƙungiyoyi na gida da na waje suka gina a gefen masallatai? Allah Ya saka musu. Amma abin da muka saba gani shi ne a zo ranar buɗewa, a ɗauki hoto, a kafa allo mai sunan wanda ya gina, a tafi. Ita kuwa rijiya tana nan tana tsufa: daɓen bakinta ya tsage, murfi ya ɓace, wani ya haƙa salga a bayan katanga. Sadaka mai gudana ana kiranta haka ne domin amfaninta yana gudana. Idan abin da yake gudana ya koma cuta fa? Kyakkyawar niyya tana samar wa mutum ladan abin da ya nufa, amma ba ta sauya abin da ke cikin ruwa. A ƙasar Bangaladash, tun daga shekarun 1970, hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka duƙufa wajen kafa rijiyoyin burtsatse don a raba mutane da ruwan tabkuna mai kashe yara da zawo. Niyyar ta yi kyau, kuma an ceci rayuka masu yawa. Sai a shekara ta 1993 aka tabbatar da cewa da yawa daga cikin rijiyoyin suna ɗauke da gubar asenik, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha.

Na san za a ce: ai cuta da lafiya duk na Allah ne, abin da aka ƙaddara wa yaro ba ya wuce shi. Haka ne, kuma babu Musulmin da yake jayayya da wannan. Amma Sayyidina Umar (R.A.) ya riga ya amsa mana. Lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta sauka a can, ya yi shawara ya juya da jama'a, sai Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya buga masa misalin da kowane makiyayi na Kutus ko Tasker zai gane: mutum ne ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk gefen da ya kora su, da ƙaddarar Allah ya kora su, amma wane mai hankali ne zai zaɓi ƙeƙasasshen? Mun kuma ga wannan da idonmu. Dattawa suna tuna yadda kurkunu yake kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina a ƙauyukan jihar Damagaram, gona ta cika da ciyawa mai ita yana kwance. Da aka gane cewa ƙananan halittu ne a cikin ruwan tabki suke ɗauke da shi, aka raba ƙyallen tacewa, aka hana mai ciwon shiga tabki, aka sa mutum a kowane ƙauye yana ƙirga masu ciwon yana kai rahoto. A shekara ta 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Wannan ma ƙaddarar Allah ce.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba na son in wuce ta da gaggawa. Mai ita zai ce: to, an auna, an tarar rijiyar ƙauye ba ta da kyau, sai me? Ita kaɗai ce. Idan an rufe ta, mata za su yi tafiyar rabin yini da jakuna, ko su koma tabkin da shanu suke fitsari a ciki, wanda zai kashe yaro cikin kwana biyu maimakon cutar da za ta ɗauki shekara goma. Ashe ba gara a yi shiru ba, a bar kaza cikin gashinta? Wannan magana ba ta wawa ba ce. Shari'a da kanta ta yarda a ɗauki ƙaramar cuta don kauce wa babba, kuma jami'in da ya rufe rijiya ya hau motarsa ya koma birni ba tare da ya tanadi madadi ba, bai yi wa kowa alheri ba.

Sai dai hujjar ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: rufe rijiya dabam, faɗin gaskiya dabam. Ba a iya zaɓen ƙaramar cuta sai an san girman kowace, kuma wanda ya ɓoye sakamakon awo ya ƙwace wa uba da uwa haƙƙinsu na yin wannan zaɓi a kan ƴaƴansu. A Bangaladash ba a cike rijiyoyin da ƙasa ba. An bi su ana aunawa, mai kyau a shafa wa bakinta koren fenti, mai guba a shafa mata ja, ana wanki da wanka da ruwan jar, ana sha da girki da na koriyar. Mu da muka taso da sanin cewa akwai ruwan ibada akwai ruwan aikin gida, wannan rabo ba baƙo ba ne a wurinmu. Rijiyar da fuloraid ya yi wa yawa tana nan daram ga alwala da wanka da wanki da gini, sai a keɓe jarka ɗaya ko biyu na ruwan wani wuri domin ƙananan yara da masu juna biyu. Idan kuwa ƙazanta ce ta shiga, wannan ma ta fi sauƙin magani: a yashe, a zuba magani, a gyara daɓe, a sa murfi, a tafasa na sha kafin gyaran ya kammala. Duk waɗannan hanyoyi suna buɗe ga wanda ya sani, a rufe suke ga wanda aka ɓoye masa.

Ya kamata jama'a su san abin da ake nema a cikin awon, don kada a ɗauke shi wani asiri na masu boko. Kashi biyu ne. Na farko awon ƙwayoyin cuta: ana ɗibar ruwa a kwalbar da aka tsabtace, a ajiye ta cikin sanyi, a kai ta ɗakin gwaji a cikin yinin, a nemi wata ƙwaya mai suna E. coli wadda mazauninta hanjin mutum da na dabba ne. Ƙa'ida ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. Samunta shaida ce cewa bayan gida ya sami hanya zuwa ruwan, kuma hanyar da ta bi ita ce kwalara da taifot da ciwon shawara suke bi. Wannan awo yana son maimaitawa, musamman bayan ruwan sama mai yawa. Na biyu awon sinadarai: fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, naitiret kada ya wuce 50, asenik kada ya wuce 0.01. Shi naitiret daga salga da kashin dabbobi da takin zamani yake tsiyayowa, kuma jarirai ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska. Ruwan famfon gari kuwa ana duba ko sauran maganin kulorin ya iso bakin famfo, aƙalla miligiram 0.2 a lita, kuma wannan da ƴar ƙwayar magani ake gane shi nan take, ruwan ya koma ja-ja idan akwai.

Ba a kawo labarin Tibiri don kowa ya tsorata da rijiyarsa ba. Kowace rijiya da halinta, har biyu a gari ɗaya sukan bambanta, kuma awo ne kaɗai yake raba gardama. Amma yanayin ƙasarmu yana kiran mu ga hattara ta wani gefen: inda ruwa yake kusa kuma ƙasa rairayi ce, abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa kafin ya isa ƙasa. Shi ya sa masana suke cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma kada ramin salga ya kusanci ruwan ƙasa. A shekara ta 2017 ciwon shawara mai bin ruwa ya ɓarke a jihar Difa, maƙwabciyarmu, ya fi yin kisa a cikin mata masu ciki. A shekara ta 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi tsananta. A daminar 2024, wadda ruwanta ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, duk mun ji rushewar ginin a zuciya, amma kaɗan ne suka tambayi ina ruwan da ya cika salgogi ya malala.

Hukuma tana da kaso mafi girma na wannan nauyi, kuma ita ma ta yarda da haka a rubuce. Dokar ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa ranar 1 ga Afrilu 2010, ta amince da haƙƙin kowane ɗan ƙasa ga ruwa, kuma a cikin watan Yuli na wannan shekara Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ruwan sha mai tsabta cikin haƙƙoƙin ɗan Adam. Ruwan famfon birane, wanda kamfanin SEEN ya riƙe tun 2001, ya koma hannun kamfanin ƙasa na NDE daga farkon 2024. A karkara kuwa nauyin ya rarrabu tsakanin ƙananan hukumomi da ma'aikatar ruwa da kwamitocin ƙauye da waɗanda aka ba amanar sayar da ruwan famfo. Tambayar waɗannan hukumomi yaushe aka auna ruwanmu, kuma me aka samu, ba rashin ladabi ba ne, ba kuma siyasa ba ce. Wanda yake biyan kuɗin ruwa mai saye ne, kuma mai saye yana da haƙƙin a bayyana masa aibin haja.

Sauran nauyin yana cikin gidajenmu, kuma a nan Sunna ta riga likitoci. An hana fitsari a ruwa mai tsayuwa, an tsoratar da mai yin bayan gida a mashaya, an yi umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da dare, an hana numfashi a cikin abin sha. Ruwa yakan fito famfo lafiya lau, ya lalace a cikin jarkar mai garuwa da ba a taɓa wanke cikinta ba, ko a randar da yaro yake tsoma hannu da moɗar da ta faɗi ƙasa, ko ta igiyar guga da aka ja a kan kashin awaki aka mayar rijiya. Randar ƙofar masallaci, wadda mutum hamsin suke sha da moɗa ɗaya, ita ma a duba ta.

Abin da nake ba kwamitocin masallatanmu shawara a kai ba shi da tsada. Duk masallacin da yake da rijiya ko famfo da jama'a suke ɗiba, a naɗa mutum biyu amintattu su zaga shi kowane wata su duba daɓe da murfi da magudana, da nisan salga da kwamin dabbobi. Wanda ya zo da niyyar gina sabuwar rijiya, a yi masa godiya, sa'an nan a roƙe shi ya sa kuɗin awo a cikin lissafinsa, kuma kada a buɗe wa jama'a ita sai takardar sakamako ta zo hannun liman. A keɓe wani abu daga asusun masallaci domin a maimaita awon ƙwayoyin cuta aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar damina. Ma'aikatar ruwa ta gunduma da jami'an tsabta na asibiti sun san yadda ake ɗiba da inda ake kaiwa. A ƙarƙashin allon da yake ɗauke da sunan wanda ya gina rijiyar kuma, a rataya wani ƙaramin allo mai ɗauke da ranar awo na ƙarshe da abin da aka samu, da boko da ajami, yadda matan da suke zuwa ɗiba za su iya karantawa ko a karanta musu. Idan ranar da ke kan allon ta haura shekara, ladan ya tuna wa kwamiti bayan sallar Juma'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.